Makin masu sharhi a kan sababbin kundayen rok: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ya dace mutum ya dogara da makin da masu sharhi suke ba sababbin kundayen rok na indi da altanatif, wato rok ɗin da ba ya bin salon kiɗan kasuwa, kafin ya kashe lokacinsa da datarsa a kansu, domin ka ce ka sauke wani kundi da aka yi ta kambamawa, ka saurare shi sau biyu, amma ba ka ji abin da su suka ji ba. Na yi kusan shekara ashirin ina bin wannan kiɗa da abin da ake rubutawa a kansa, tun zamanin da sai mutum ya je shagon intanet ya biya kuɗin awa guda, ya zauna yana kallon waƙa ɗaya tana sauka kamar tafiyar hawainiya. Zan faɗa maka abin da na gani a tsawon wannan lokaci.

Makin da kake gani hukunci ne na makon farko. Tun daga watan Yuli na 2015 aka tsayar da ranar Juma'a a matsayin ranar fitar da sababbin kundaye a yawancin ƙasashe, kuma kowace mujalla tana son sharhinta ya fito a ranar ko kusa da ita. Shi mai sharhin ana aiko masa da kundin kafin lokacin, ya saurara iya abin da ya samu dama, ya rubuta, edita yana jiransa, sannan ga wani kundin yana layi. Kiɗan indi kuwa yawancinsa ba ya bayyana kansa a zama ɗaya, domin sau da yawa da gangan ake binne muryar mawaƙin a ƙarƙashin ƙarar jita, ko a ja waƙa ta yi minti biyu ba a kai ga amshi ba. Wanda ya yanke hukunci a kan irin wannan cikin kwanaki kaɗan yana iya dacewa, yana kuma iya kuskure, kuma tarihin harkar cike yake da duka biyun.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Pitchfork, mujallar sharhin kiɗa ta intanet wadda Ryan Schreiber ya kafa a Amurka a 1996, mai ba da maki daga 0.0 zuwa 10.0. A shekara ta 2004 ta ba kundin farko na Arcade Fire, wata ƙungiya daga birnin Montreal na Kanada, maki 9.7. Kundin shi ne Funeral, kuma ƙaramin kamfani ne mai suna Merge ya fitar da shi. Bayan wannan sharhi masu nema suka yi yawa har faifan ya yanke a kasuwa na ɗan lokaci. A cikin shekarar nan dai aka ba kundin Travis Morrison mai suna Travistan maki 0.0, alhali mutum ne da aka daɗe ana yabon ƙungiyar da ya fito daga cikinta, kuma wannan sifili ya bi shi shekaru kamar tabo a goshi. Ka ga ke nan a lokacin lamba guda tana iya ɗaga mutum, tana iya kayar da shi, ba tare da yawancin masu yaɗa lambar sun karanta ko sakin layi ɗaya na sharhin ba.

To amma abin da ya fi koya mini darasi shi ne yadda su kansu masu sharhin suke lashe amansu. Kundin Pinkerton na ƙungiyar Weezer ya fito a 1996, masu karanta mujallar Rolling Stone suka zaɓe shi a matsayin na uku cikin mafi muni a shekarar; a 2004 mujallar ta sake duba shi ta ba shi tauraro biyar cif. Da 'yan ƙungiyar Radiohead suka fitar da kundin Kid A a shekara ta 2000, bayan sun rage jita sun rungumi na'urori, mujallar Melody Maker ta Birtaniya ta ba shi tauraro ɗaya da rabi cikin biyar, ita kuwa Pitchfork ta ba shi 10.0, da shekaru goman suka cika, Rolling Stone da Pitchfork duk shi suka ɗora a kan gaba cikin kundayen wannan zango. Mawaƙiya Liz Phair ma ta sha sifili a hannun Pitchfork a 2003 saboda ana ganin ta bar indi ta koma kiɗan kasuwa, har marubucin sharhin ya fito a 2019 ya nemi afuwa, sannan a 2021 Pitchfork ta sake wa wasu tsofaffin kundaye maki, ta mayar da nata 6.0. Kada ka ɗauka gyaran sama kawai yake yi: a wannan zama aka sauko da kundin farko na ƙungiyar rok mai suna Interpol daga 9.5 zuwa 7.0. Kiɗan da ke cikin faifan bai canza ba ko da bugun ganga ɗaya. Masu sauraron ne suka girma, yayi ya wuce, abin da ake jin kunyar so a da ya daina zama abin kunya.

Game da Metacritic, wadda na ga mutane da yawa suna kafa hujja da ita, aikinta shi ne ta tattara makin mujallu daban-daban ta fitar da matsakaici cikin ɗari, kuma daga 81 zuwa sama tana kiransa yabon kowa da kowa. Tana da amfani idan kana son sanin inda iska ta dosa, amma a ganina tana da illa guda da ta shafi irin kiɗan da kake tambaya a kai. Kundin da ya raba kan masu sharhi, wasu suka haukace a kansa wasu suka tsane shi, yana iya tashi da lamba ɗaya da kundin da kowa ya ce ba laifi ya wuce. Na farkon shi ne yawanci ya cancanci datarka, ko da a ƙarshe za ka shiga sahun waɗanda suka tsane shi. Na biyun kuwa bayan wata uku ba za ka tuna sunan waƙa ɗaya a cikinsa ba.

Ƙarfin masu sharhin ma ba kamar da yake ba. Mujallar kiɗa ta NME ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018, mujallar Q ta rufe a 2020, kuma a watan Janairu na 2024 kamfanin Condé Nast, mamallakin Pitchfork, ya sanar da mayar da Pitchfork ƙarƙashin mujallar GQ tare da sallamar ma'aikata. Yanzu matasa da yawa mai sharhi Anthony Fantano suke kallo a YouTube, ko su duba makin da masu sauraro suka jefa a shafin Rate Your Music. Wannan bai kawar da matsalar gaggawa ba, sai ma ya ƙara ta, domin za ka ga an jefa wa kundi ɗaruruwan maki tun kafin ya kwana ɗaya a duniya.

Akwai misali guda da nake ganin mu ne muka fi kowa damar auna masu sharhi da shi, wato Mdou Moctar, Buzun nan mai kaɗa jita daga Jamhuriyar Nijar. Kamfanin Matador na Amurka, wanda yake cikin manyan gidajen indi, shi ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, kuma duka biyun sun sha yabo ƙwarai. Na ji daɗin yabon, amma da na zauna na karanta sharhunan ɗaya bayan ɗaya sai na lura cewa da yawansu da shahararrun makaɗan jita irin su Jimi Hendrix ko Eddie Van Halen suke auna shi, saboda su ne ma'aunin da ke hannun marubutan. Ni kuwa da na sa iyafis na ji yadda ganga take tafiya tana ƙara sauri, jitar tana kewaya wuri guda tana dawowa, filin biki na gani a Agadas, da ƙura, da janareta yana ruri a gefe. Mutumin nan a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran murya na na'ura da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙinsa suka fara yawo daga hannu zuwa hannu kafin kamfanin Sahel Sounds ya kai su kunnen Turawa. Masu sharhin ba su yi ƙarya ba, gwanintar da suka ji tana nan, sai dai kowa da abin da ya taso yana ji yake sauraro. Idan haka ta faru da su a kan kiɗan da ya fito daga maƙwabtanmu, to haka take faruwa da kai a kan nasu. Marubucin da ya girma da kiɗan fank (punk, wani nau'in rok mai zafi) na Landan da Manchester, idan ya ji sabuwar ƙungiya tana karta jita mawaƙin yana magana maimakon rerawa, yana jin tarihin shekara arba'in a ciki, kuma rabin makin da ya bayar na wannan tarihin ne. Kunnen da ya tashi da kalangu da kukuma ba dole ba ne ya ji wannan a karon farko, kuma ba gazawa ba ce.

Ni ma abin da ya same ka ya same ni. Akwai wani kundi da aka yi ta yabo a shekarun da nake makaranta, sai da na je shagon intanet sau uku kafin ya gama sauka, na tura shi a faifan CD, na dawo ɗaki na kunna cike da ɗoki. Abin da na ji hayaniya ce kawai da wata murya mai kama da ta wanda mura ta kama. Na jefa faifan a durowa ina jin haushin kuɗina. Bayan fiye da shekara guda, zan yi tafiyar dare a mota, na ɗebo faifai ba tare da na duba ba, sai ga shi a ciki. Muna cikin daji, fasinjoji duk sun yi barci, babu abin da ake gani sai fitilun manyan motoci, a nan na fara jin jitar bes da ke tafiya a ƙarƙashin hayaniyar, na gane cewa ita ce take riƙe da waƙar, sauran duk ado ne. Har yau ina sauraron kundin nan. Amma don kada in yaudare ka, akwai wasu da aka ba maki fiye da shi, na ba su dama sau biyar sau shida ba su buɗe mini ba, na goge su, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne ina amfani da maki wajen sanin cewa kundi ya fito kuma ana maganarsa, daga nan sai in rufe shafin in saurara tukuna, domin idan na karanta sharhi kafin sauraro kalmomin marubucin nake nema a cikin kiɗan maimakon in ji kiɗan. Bayan na ji sau biyu ko uku sai in koma in karanta, kuma rubutun nake karantawa, ba lambar ba. Sharhi mai amfani zai gaya maka yadda aka ɗauki ganga, da wanda ya tsara sautin, da abin da ya bambanta wannan kundi da wanda ya gabace shi. Wanda ya cika shafi da labarin rayuwar mawaƙin da tufafinsa, bai ce komai a kan sauti ba, ba na ƙarasa shi. Na kuma riƙe sunayen marubuta uku ko huɗu da na san ɗanɗanonsu, har da guda ɗaya da kusan kullum muke saɓani, wanda idan ya ce kundi ya cika sanyi da jan rai na san nawa ne.

Shi wannan kundin da ya ba ka haushi, ka ajiye shi mako biyu. Idan ka dawo kada ka fara daga waƙar farko, ka fara daga tsakiya, da iyafis, a lokacin da ba ka yin wani aiki, ka bi kayan kiɗa guda ɗaya tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ka kuma faɗa mana sunansa, domin ba ka ambata ba a tambayarka. In na taɓa jin sa zan gaya maka waƙar da ni na shiga ta cikinta.