Amsa: Shin bikin Diwali da sauransu sun daɗe ne a Indiya?

Malam kan tambayarka ko bukukuwan 'yan Hindu irinsu Diwali sabon yayi ne da 'yan fim suka ƙirƙiro, gaskiya ba haka bane, abin ya daɗe sosai. Tun wajajen 1030 malamin nan Al-Biruni da ya zauna da su ya koyi Sanskrit, tsohon harshen littattafansu, ya rubuta cewa suna bikin Dibali (wato Diwali) a watan Kartika na kalandarsu, a yi wanka a sa kayan kwalliya, da daddare a kunna fitilu ko'ina.

Amma ni wanda yafi burge ni shine Mahanavami a daular Vijayanagara ta kudancin Indiya, kwana 9 ake yi cur, wani ɗan Fotugal Domingo Paes ya gani da idonsa wajajen 1520 zamanin sarki Krishnadevaraya, ana yanka ɓauna da tumaki, ga kokawa ga rawa ga wasan wuta, daga ƙarshe sarki ya fito duba sojoji da giwaye da dawakai kamar dai hawan sallah a Kano, manyan hakimai kuma lokacin suke kawo haraji, kaga akwai siyasa ciki. Dandamalin dutsen da ake cewa nan sarki yake zama har yanzu yana nan a Hampi, inda kufan babban birnin daular yake.