Yadda Ɗakin Ƙasa Yake Riƙe Sanyi a Bazara

Ka tambaye ni yadda iyayenmu suke iya barci a tsakiyar bazara ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki, alhali kai a ɗakinka na bulo da kwano ko da fankar ma sai ka ɗauki tabarma ka fito waje. To ɗana, ajiye cebur ɗin nan ka saurara, domin amsar tana cikin sana'ar da ka zo koya.

Ginin ne da kansa yake yi musu aikin fanka. Fara da bango. Tubalin da muka gada ba a zuba shi a akwati, da hannu ake dunƙula shi, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya da rani ya bushe ƙarau. In an zo gini sai a jera uku ko huɗu a gindin bango, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, ana hawa ana rage kauri. Rana za ta wuni tana dukan wannan bango, amma zafin ba ya ratsa shi sai a hankali. Kafin ya iso ciki, la'asar ta wuce, magariba ta yi, mutane sun fito tsakar gida shan iska. Cikin dare bangon ya huce, ya kwashi sanyin asuba ya riƙe shi har azahar. Da hunturu kuma sai abin ya juya, ɗumin rana ya kwana da kai. Bulonka inci shida ne ko tara, cikinsa rami, me zai riƙe?

Amma babban sirrin yana sama. Kwano da rana ta taɓa shi ya ɗauka, nan take ya sauke maka zafin a ka. Rufin soro kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, a jera ta, a shimfiɗa asabari ko zana, sannan a ɗora ƙasa mai kauri. Azara ba ta son a ja ta fiye da kamar ƙafa shida ba tallafi, shi ya sa ɗakunan talakawa suke ƙanana. In ana son zaure babba sai a yi bakan gizo ko ɗaurin guga, ana goya azara kan azara har baka ya haɗu a tsakiya, rufin ya yi nisa da kai, iska mai zafi ta tafi can sama. In Allah ya kai ka Zariya, ka shiga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ka ɗaga kai ka yi karatu. Ko nan Kano, Gidan Makama ya ishe ka makaranta.

Tagogi ƙanana ne, can sama, don haske ya shigo rana ta tsaya waje. Murhu yana tsakar gida, ba a haɗa shi da wurin kwana. Randa tana lungu a kan jiƙaƙƙen yashi, jikinta yana tsattsafo kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi, ruwan ciki yana sanyi. Abin da ya sa ba a shafe bayan randa da fenti ke nan. Ka toshe ta, ka kashe ta. Hatsi yana rumbu a kan duwatsu, laima ba ta kai gare shi. Ƙasan ɗaki kuma mata ne suke taruwa su yi daɓe, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ya yi santsi da sanyi in an taka.

Kada ka ɗauka kyauta suke samun wannan daɗi. Ƙasa ba ta da abokin gaba kamar ruwa. Duk shekara kafin damina sai an hau an yi yaɓe, an duba indararo ko ya toshe, an cike duk wata tsaga. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango. Masu hali suna yin laso, wato katsin da ke kwanta a ramin marina da gashin da majema ke cirewa a fata da tsiron dafara, ruwa ya zubo ya zame. Gidan da aka yi wa sakaci damina biyu ko uku, a watan Agusta rufin zai iya zubowa a kan mutane, kuma an rasa rayuka ta haka. Don haka ba na zargin wanda ya koma kwano. Giginya ta yi ƙaranci, marina sun ragu, gayyar da ake yi a taya maƙwabci yaɓe ta ja baya. Abin da yake ci mini rai shi ne mun yar da ilimin tare da wahalar, har yara suna ganin ginin ƙasa alamar talauci ce. A garin Yaama ta jihar Tawa a Nijar, wani magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, kuma a 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya suke nema.

In mai gida ya ba ka aikin bulo, kana iya sa masa wannan hikima a ciki. Ka ɗaga bango sosai, ka sa silin, ka bar kafar iska tsakaninsa da kwano. Kada ka buɗe babbar taga ta yamma. Ka fito da bakin rufi ya yi wa bango inuwa, ka ce masa ya dasa darbejiya tun ranar da aka haƙa tushe. In kuma ya yarda da ƙasa, ka yi masa tushen dutse da siminti ya ɗago daga ƙasa kamar ƙafa biyu, sannan tubali ya hau. Siminti dai kada ka shafa shi kai tsaye a jikin bangon ƙasa: ba sa kama juna, ruwa yana shiga bayansa ya ɓoye, yana cin bangon ba a gani.