Kufai ko Kango: Amsa ga Mai Wasan Zelda

Wani matashi daga Zariya ya aiko da tambaya kan Zelda, wasan bidiyo na kamfanin Nintendo, da kuma Zonai, wata tsohuwar al'umma a cikin labarin wasan. Ya ce: "Malam, ina rubutu kan tsoffin gine-ginen Zonai na wasan Zelda, waɗanda masu wasan suka yi shekaru suna gardamar wa ya gina su. Kufai zan ce ko kango? Kuma abin da muke yi hasashe ne ko shaci-faɗi? Yayana ya ce zato zunubi ne."

Ɗana, kango gini ne guda, ko gida, da aka bari ba kowa ciki, sau da yawa jinka ta rufta amma bango na tsaye. Gidan da aka fara aka kasa ƙarasawa ma kango ne. Kufai ya fi wannan faɗi: wurin da gari ya taɓa zama, mutanensa suka tashi, sai tushen gini da ciyawa. Surame ta Kanta, a jihar Sakkwato, mai ganuwar duwatsu, kufai ce. Wurin da kake magana a kai, a dajin Faron na cikin wasan, ginshiƙai sun zube, gumakan dutse na mujiya da gadu da wani macijin almara sun watsu cikin kurmi, ba a san inda maginansa suka shiga ba, wannan kufai ne. In ka ware ɗaki guda a cikinsa, to kira shi kango.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Hasashe yana tsayawa ne a kan alama. Manomin da ya dubi hadari ya ce za a yi ruwa, hasashe ya yi. Shaci-faɗi magana ce da ba ta da abin dogaro, mai ita ya buɗe baki kawai. Kintace na tsakaninsu, ga 'yar alama amma ba ta isa a jingina da ita ba. Ƙila-wa-ƙala kuwa daga Larabci muka aro ta, "an ce, ya ce", wato abin da ka ji a bakin wani ka ɗauka ka yi gaba.

Duba yadda abin ya kasance. Da Nintendo ta fitar da Breath of the Wild, ɗaya daga cikin jerin wasannin Zelda, a 2017, sunan Zonai kawai ta bayar da kufan. Masu wasa suka lura da wani sulke da ake samu a cikin manyan gine-gine guda uku masu lunguna da ke ɓatar da mai shiga, bayaninsa na cewa kayan wata tsohuwar ƙabilar mayaƙa ce daga Faron. Suka haɗa biyun suka ce Zonai mayaƙan daji ne. Wannan hasashe ne na ƙwarai, domin ruwa ba ya tsami banza. Masu cewa sassaƙar ta yi kama da ta Maya da Aztek na ƙasar Meziko su ma da abin nunawa a hannunsu. Wanda ya ɗora musu sarakuna da yaƙe-yaƙen da babu su ko'ina a wasan, shi ne ya faɗa shaci-faɗi.

Sai ga Tears of the Kingdom, ci gaban wancan wasan, a 2023 ta nuna Zonai masu fasaha ne da aka ce daga sama suka sauko, har Rauru, ɗaya daga cikinsu, ya kafa masarautar Hyrule, inda labarin wasan ke gudana. Hasashen farko ya sha ƙasa, amma sunansa bai canja ba. Hasashen da bai faɗa daidai ba hasashe ne dai, ba ƙarya ba. Gardamar ma ba ta mutu ba, don gine-ginen Zonai da sabon wasan ya nuna a kan tsibiran da ke shawagi a sama ba su yi kama da na Faron sosai ba.

Yayanka kuma ka gaishe shi, ka ce ya sa karin maganar a inda ba gurbinta ba. "Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya" ta samo tushe ne daga aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma kan munana wa ɗan'uwanka zato take magana. Dutsen Faron ba shi da mutuncin da za ka zubar.