Ƙanena zai ratsa ƙanƙarar Antatika da ƙafa: an ce jirgi na nan idan ya shiga matsala

Tambaya: Malam, ƙanena da ke aiki a Ingila ya shiga ayarin masu tafiya da ƙafa zuwa ƙuryar kudancin duniya. Ya ce jirgi zai riƙa kai musu abinci, kuma wanda ya haɗa shi da tafiyar ya tabbatar masa idan ya gaza, waya ɗaya zai buga a zo a ɗauke shi. Mahaifiyarmu ta daina barci. Don Allah gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar da hankalin Mama. Maganar abinci gaskiya ce. Yawancin irin wannan ayari daga Punta Arenas ta ƙasar Chile suke tashi, tafiyar sama da awa huɗu zuwa sansanin Union Glacier da ke Antatika. Daga nan ƙaramin jirgi, Twin Otter ko Basler, mai sauka a kan allunan sulɓi, ke ajiye su a Hercules Inlet, a gefen nahiyar, inda ake fara tafiyar ƙafa. Tsakaninsu da inda suka nufa kilomita 1,130 ne, tafiyar kusan wata biyu. Jirgin yakan riga su zuwa wasu wurare da aka tsara, a sauke abinci da man risho, a kafa tuta, a ba su lambar wurin a GPS. Tsohuwar dabara ce: a 1957 zuwa 1958 ƙaramin jirgin Beaver ne ya cika ma'ajiyoyin da Edmund Hillary ɗan New Zealand ya kafa wa ayarin Vivian Fuchs na Birtaniya, har suka ratsa nahiyar cikin kwana 99.

Maganar "waya ɗaya" ita ce ke ɓata min rai, don kullum sai na ji ta a bakin dillalan tafiye-tafiye da ba su taɓa taka ƙanƙara ba. Wayar tauraron ɗan adam murya kawai take kaiwa. Ba ta yaye hazo, ba ta kwantar da iska. Matuƙin da zai sauka a filin Allah, inda babu titin jirgi, da idonsa yake karanta ƙasa, kuma inuwa ce ke nuna masa tudu da kwari. Da girgije ya rufe rana, sama da ƙasa su zama fari ɗaya, mutum ba ya ganin ramin da ke gaban ƙafarsa, balle wanda ke cikin jirgi. A irin wannan rana ba mai tashi, ko gwamna ne ke kwance a tanti, kuma yanayin kan ɗauki kwanaki.

Ko rana ta fito, sai an samu inda za a sauka. Iska tana sassaƙa ƙanƙarar ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, sai dai da tauri, wasu sun kai ƙugun mutum. Akwai kuma tsagogi masu zurfi da dusar ƙanƙara ta lulluɓe bakinsu. Sau da yawa mara lafiya ne za a ce ya ƙara gaba, ko abokansa su ja shi, har a kai wuri mai laushi. Ga batun mai: ƙaramin jirgin sai ya tsaya a duwatsun Thiel, wajen tsakiyar hanya, ya sha daga gangunan da aka ajiye tun farko.

Matuƙan nan ba ragwaye ba ne. A Janairun 2013 wani Twin Otter ya bugi Dutsen Elizabeth a Antatika, ma'aikatansa uku 'yan Kanada suka rasu. Duk mai matsa wa matuƙi ya tashi cikin hazo, ran wasu yake jefawa a haɗari.

Zuwan jirgi ma ba shi ne warkewa ba. Henry Worsley, tsohon sojan Birtaniya, ya yi kwana 71 shi kaɗai yana ƙoƙarin ratsa Antatika, sai a Janairun 2016, kafin ya kai ƙarshe, ya kira a zo a ɗauke shi. An ɗauke shi, an kai shi asibiti a Punta Arenas, can ya cika da ciwon ciki da ya riga ya ci ƙarfinsa.

Don haka ki kira ƙanenki ki tambaye shi: abincin kwana nawa zai riƙe fiye da lissafin tafiya? Wane kamfani ne ya sa hannu a rubuce cewa shi zai ɗauko su? Inshorarsa ta ambaci kwaso mara lafiya daga Antatika ƙarara? Ayarin na da izinin gwamnati kamar yadda Yarjejeniyar Antatika ta tanada? Kuma ki sa shi ya yi miki alkawari cewa ranar da ya fara jin ciwon ciki, ko yatsa ya canja launi, a ranar zai gaya wa likitan sansani, kada ya jira sai ya kasa tashi.