Filin Amsoshinku: Horon Aiki Babu Alawus, A Je Ko A Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ina karanta injiniyancin injuna, gidanmu yana Aboabo. Wata masana'anta a Tema ta karɓe ni horon sanin makamar aiki na wata biyu a lokacin dogon hutu, amma sun ce ba za su ba ni ko sisi ba, kuma ba ni da kowa a can. Kawuna yana da garejin manyan motoci a Suame Magazine, nan Kumasi, ya ce in zo wurinsa zai riƙa ba ni na abinci, sai dai mahaifiyata tana ganin gareji ƙasƙanci ne ga ɗan jami'a. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Masana'antar ba ta yi maka abin da ba a saba gani ba, domin a Gana horon ɗalibi ba shi da tsayayyen albashi kamar na ma'aikaci. Wani kamfani yana ba da kuɗin mota, wani abincin rana kawai, wani kuwa sai dai ya sa hannu a takardarka ya yi maka fatan alheri. Ko masu bautar ƙasa, waɗanda suka riga suka gama digiri suke aikin shekara guda cur, sai a 2023 aka ɗaga alawus ɗinsu daga sidi 559 zuwa sidi 715 a wata, mafi ƙarancin ladan aiki na yini kuma a 2025 sidi 19.97 ne. A ganina wannan tsari bai yi wa ɗan talaka adalci ba, domin wanda iyayensa za su iya kama masa ɗaki a Tema shi ne zai sami gogewar, ɗan Zango mai ƙoƙari kuwa ya zauna gida. Amma kafin a gyara wannan, dole ka yi lissafi da abin da ke ƙasa.

Ka ɗauki takarda ka rubuta kuɗin ɗaki na wata biyu, da kuɗin tiroto kullum, da abinci, da takalmin kariya idan ba su bayarwa. Sannan ka koma wa masana'antar da tambaya guda: a wane sashe za a ajiye ni, kuma ƙarƙashin wane injiniya? Amsar da za su ba ka ita ce za ta raba gardama. Idan sashen kula da injuna ne, inda za ka tsaya kusa da mai kwance famfo ko injin samar da tururi, ka ga yadda ake tsara lokutan duba kowane inji tun kafin ya lalace, ka karanta zanen injin da idonka, to wannan ya cancanci a nemi taimakon dangi, a kuma tambayi limamin unguwa ko yana da wanda ya sani a Ashaiman, kusa da Tema, da zai ba ka wurin shimfiɗa tabarma. Idan kuwa suka kasa faɗa maka sunan sashen, akwai yiwuwar wata biyun za su ƙare a kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan, kuma bai kamata a ci bashi saboda wannan ba.

Game da Magazine, ina roƙon Hajiya ta sassauta. Wurin yana cikin manyan matattarar masu sana'ar ƙarfe da gyaran mota a Afirka, kuma ita kanta jami'arku ta daɗe da gane darajarsa, tun da ta kafa cibiyar isar da fasaha ga masu sana'a a can a 1980. Ɗalibin da ya kwance injin dizal da hannunsa, ya auna faɗin silinda, ya ga yadda zafi ya ci kan fistin, ya fahimci darasin aji fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa. Sharaɗin da zan kafa maka shi ne ka fara zuwa sashenku ka tambayi malamin da ke kula da horon ko za su amince da garejin, domin wasu sassan suna so a ce wanda zai sa hannu a rahotonka injiniya ne mai rajista. Idan ba su amince ba, ka yi aikin kawu don ilimi, ka nemi wurin da za a lissafa maka nan kusa. Ofisoshin kamfanin wutar lantarki na ECG da na kamfanin ruwa suna nan cikin Kumasi, mahaƙar zinare ta AngloGold Ashanti tana Obuasi, tafiyar kimanin kilomita 60, ta Newmont kuma tana Ahafo. Manyan kamfanoni irin waɗannan suna karɓar takardu tun da sauran lokaci, saboda haka a shekara mai zuwa kada ka jira a gama jarrabawa kafin ka kai taka.

Duk inda ka je, ka riƙa rubuta abin da ka yi kowace rana: sunan injin, matsalar da aka samu, da yadda aka gano ta. Ranar da za ka zauna gaban masu ɗaukar aiki, wannan littafin ne zai ba ka abin faɗa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karanta harkar kuɗi a Jami'ar Gana da ke Legon, ina zaune a Nima. An ce bankuna sun fi kowa biyan ɗalibai, kuma wani mutum ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini gurbi. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yata, kada ki ba shi komai. Gurbin horo ba a saye yake ba, takardar gabatarwa daga makarantarki da takardar bayanin karatunki su ne hanyar shiga, kuma ki kai su da kanki sashen kula da ma'aikata.

Batun biya kuwa ya bambanta daga banki zuwa banki, kuma babu laifi ki tambaya cikin ladabi ranar da aka karɓe ki, ki kuma nemi a rubuta a takarda. Abin da nake so ki lura shi ne guraben manyan bankuna ba su da yawa kamar da, domin gyaran da Babban Bankin Gana ya fara a watan Agusta na 2017 da rufe bankunan UT da Capital, wanda ya kai ga haɗa bankuna biyar a 2018 aka kafa Consolidated Bank, ya rage yawan bankunan ƙasar. Saboda haka ki faɗaɗa nemanki zuwa kamfanonin inshora, da bankunan karkara, da sashen kuɗi na asibitoci da masana'antu, da kuma kamfanonin binciken asusu irin su KPMG, PwC, Deloitte da EY, waɗanda aiki yake yi musu yawa a watannin farko na shekara bayan kamfanoni sun rufe littattafansu a Disamba. A ƙaramin ofis sau da yawa za a ɗora ki a kan daidaita lissafin kamfani da bayanin banki tun makon farko, alhali a babban reshe kina iya ƙarewa wajen nuna wa jama'a inda za su cika fom. Kafin ki fara, ki ƙware a manhajar Excel sosai, kuma idan kina da niyyar zama akanta mai lasisi, ki je ofishin ICAG, cibiyar akantoci masu lasisi ta Gana, ki tambayi darussan da za a yafe miki saboda digirinki, ki fara tara kuɗin rajista tun yanzu.