Tambaya da amsa: Batirin motar lantarki zai jure zafin Sakkwato?

Tambaya

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikaci ne a Sakkwato. Kuɗin fetur ya kusa cinye rabin albashina, shi ya sa nake tunanin komawa motar lantarki. Wani dila ya nuna mini Nissan Leaf ƙirar 2015 'yar Kwatano, ya ce batirinta garau yake. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne, wayata ma shekara biyu kawai ta yi batirinta ya kumbura. Ashe ba haka na motar zai yi ba, ga zafin garinmu? Sannan wasu na cewa kada a riƙa cika caji, wasu na cewa dole a cika, na rasa na ɗauka. Ina da sola a gida da ɗan ƙaramin janareta.

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Tsoron da kake ji yana kan hanya, domin batirin waya da na motar lantarki dangin juna ne, duk na sinadarin litiyam ne, kuma abin da ke kashe wannan shi ke kashe wancan. Bambancinsu yana wajen reno. Batirin waya maraya ne: kullum a cika shi fal, a bar shi a jikin caja har asuba, a yi ta kallon bidiyo yana zafi a hannu, a ƙarar da shi ƙaf. Na mota kuwa yana da mai gadi da ba ya barci, wata 'yar kwamfuta da ake kira BMS.

Abin da muke kira batirin mota ba batir ɗaya ba ne, taron ƙwayoyi ne. Leaf ɗin da aka nuna maka tana da ƙwayoyi 192, an haɗa su biyu-biyu, aka jera su sahu 96 ɗaya bayan ɗaya, ƙarfinsu ya taru ya kai wajen volt 360. Tsohuwar Tesla Model S kuwa tana da ƙwayoyi 7,104, kowace ta ɗan fi batirin agogon bango (AA) girma. Abin da batirin Leaf ɗin ke ɗauka yana sabo yunit 24 ne, irin yunit ɗin da kake saya a mitar kati.

Ka kwatanta da kurar ɗan ga-ruwa. A ce jarkokinsa duk an haɗa su da tiyo ɗaya, kuma dokar ita ce: da zarar jarka ɗaya ta cika, a kashe famfo; da zarar ɗaya ta ƙare, a daina sayarwa. To jarkar da ta fi kowace ƙanƙanta ita ke mulkin kurar gaba ɗaya. Haka ƙwayoyin suke. Idan ɗaya ta wuce iyakarta ta sama, wajen volt 4.2 a yawancin irin waɗannan ƙwayoyi, tana iya lalacewa har ta kama da wuta. Idan ta faɗi ƙasa da iyakarta, ta sami illar da ba ta warkewa. Saboda haka BMS ke auna ƙarfin kowane sahu, da zafin wurare daban-daban a cikin akwatin, da yawan wutar da ke shiga da fita. Ita ke rage gudun caji idan batir ya ɗau zafi, ita ke rage ƙarfin totur, ita ce kuma ke tsinke wutar ɗungurungum idan an yi hatsari ko wuta ta fara zurarewa zuwa jikin mota. Tana da wani aikin da ba a gani: sahun da ya riga 'yan'uwansa cika, sai ta riƙa tsiyaye masa wuta kaɗan-kaɗan har sauran su kamo shi. Hatta sifiri da ɗari da kake gani a gaban direba ba su ne ƙarshen batirin ba, kamfani ya ɓoye wani ɗan kaso sama da ƙasa don kariya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. BMS tana iya ganin zafi, amma ba kowace mota ce ta ba ta abin da za ta sanyaya batirin da shi ba. Tesla, Hyundai Kona da mafi yawan sababbin motoci suna zagaya ruwan sanyi a jikin ƙwayoyin, kamar yadda lagireto ke yi wa inji, kuma idan zafi ya yi yawa na'urar sanyaya mota ta taimaka. Leaf ta waɗannan shekaru ba ta da wannan, ko fanka babu. Akwatin ƙarfe ne a rufe a ƙarƙashin mota, sai iskar da ta buge shi daga waje. A Ingila ko Japan wannan ba wata damuwa ba ce sosai. Amma a 2012 masu Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, wanda zafinsa ke gogayya da namu, suka fara ƙorafin cewa batirinsu na zubewa tun motar ba ta shekara biyu ba. Maganar ta yi ƙarfi har Nissan ta ƙara garanti: idan layukan lafiyar batir da ke allon gaban direba suka sauka ƙasa da 9 cikin 12 kafin shekara 5 ko mil 60,000, za ta gyara. Daga baya ta canza haɗin sinadarin ya fi jure zafi, kuma ƙirar 2015 tana cikin masu sabon haɗin. Sai dai har a lokacin ba a sa ruwan sanyi ba.

Me zafi ke yi? A cikin kowace ƙwaya akwai wani siririn ɓawo da ke taruwa a hankali, yana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya riƙa kai-komo da wuta. Wannan tsufa ne da ba makawa, ko an hau motar ko an ajiye ta. Abu biyu ke hanzarta shi: zafi, da zaman batir a cike. Idan suka haɗu, shi ke nan. Batir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 35. Kai kuwa ka san Afrilu da Mayu a Sakkwato, ana wuce 40 a inuwa, balle a kan kwalta da azahar. Motar da aka cika fal da dare, aka kai ta ofis aka ajiye a rana daga takwas zuwa huɗu, kullum haka, ba tafiya ce ke cin batirinta ba, zaman ne. Mutanen Turai da arewacin Sin suna fama da akasin haka, wato caji cikin tsananin sanyi, wannan kuwa ko hunturun Jos bai kai mu can ba.

Kamfanin Geotab, mai bin diddigin motocin haya da na ma'aikatu, ya fitar da lissafi a 2024 cewa matsakaicin raguwar batir kashi 1.8 cikin ɗari ne a shekara, kuma motocin ƙasashe masu zafi da marasa ruwan sanyi sun fi haka saurin raguwa. Yawancin kamfanoni na ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, cewa batir ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba. Motar da aka nuna maka ta daɗe da wuce duk wani garanti.

Batun cika caji kuwa, duk ɓangarorin biyu da ka ji suna da gaskiya, mota ce ba iri ɗaya suke magana a kai ba. Akwai batir mai sinadaran nikel ko manganis, irin na Leaf da Kona da yawancin motocin Turai. Wannan a tsayar da shi a kashi 80 don zirga-zirgar yau da kullum, kada kuma a saba barinsa ƙasa da 20. Ranar tafiya mai nisa ka cika shi, ba laifi, amma ka daidaita ya cika dab da tashinka, kada ya kwana ya wuni a cike. Akwai kuma wanda ake kira LFP, mai sinadarin ƙarfe, irin na motocin BYD da wasu Tesla, kuma shi ne yawancin batirin litiyam da masu sola ke kafawa a gidaje yanzu. Ya fi jure zafi da yawan caji, ya fi wuyar kamawa da wuta. Matsalarsa, ƙarfin volt ɗinsa kusan ba ya motsi tsakanin kashi 30 da 90, sai BMS ta riƙa kuskuren lissafin abin da ya rage. Cika shi zuwa ɗari shi ke maido mata da ma'auni, shi ya sa Tesla ta ce masu irin wannan batir su cika shi aƙalla sau ɗaya a mako. Idan Leaf ɗin ba ta da wurin saita iyakar 80, kamar waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 2014, sai a yi dabara da agogon cajinta.

Kafin ka ba dila ko sisi, kada maganar "garau" ta ruɗe ka. A gefen dama na allon Leaf akwai ƙananan layuka 12 na lafiyar batir, daban da na caji. Layin farko yana ɓacewa idan an rasa kashi 15, sauran kowane kashi 6 da ɗoriya. Amma ana iya goge ƙwaƙwalwar BMS layukan su dawo 12 na ɗan lokaci, kuma marasa tsoron Allah suna yi. Ka nemo ɗan na'urar OBD da masu gyaran wayarin ke amfani da ita, ka soka a ƙarƙashin sitiyari, ka buɗe manhajar LeafSpy a waya. Za ka ga sanduna 96 a tsaye kamar haƙoran matsefi. Na taɓa duba wata da allonta ke nuna lafiya lau, a tsaye sandunan sun yi kai ɗaya, muna taka totur a hawa sai guda ɗaya ta nutse ƙasa ita kaɗai. Wannan ce jarkar da na faɗa maka. Sannan ka cika ta, ka kunna na'urar sanyi, ka yi tafiya ka ƙirga kilomita da kanka. Tana sabuwa kilomita 135 aka auna mata a Amurka. Mai layi 10 a yau za ta yi fama kafin ta ba ka 100, wato ofis da kasuwa da kai yara makaranta, amma ba Birnin Kebbi ba.

Ni a ra'ayina, mutumin Sakkwato ko Maiduguri da ke da zaɓi, ya nemi mota mai ruwan sanyi ko mai LFP, ko da zai ƙara kuɗi. Leaf sai in farashin ya yi araha ƙwarai, kana da rumfa a gida da wurin aiki, kuma ka sa a ranka cewa batirin zai ci gaba da raguwa.

Caji a gida: ƙaramin janareta ka cire shi a lissafi, domin mafi ƙarancin abin da mota ke ja amfiya 6 ne, kusan wat 1,400, kuma caja da yawa ba sa tashi idan ba su ga wayar ƙasa ba. Sola tana yi idan inbatarka tana da ƙarfi, amma a caja da safe a inuwa, ba da tsakar rana ba, kuma ba da an dawo daga tafiya batir na huci ba. A ja wa motar layinta daban da waya mai kauri, da fis ɗinta, da wayar ƙasa ta gaske. Soket ɗin bango da aka jona da doguwar waya ba a yi shi don jan wuta awa takwas a jere ba, na ga wanda ya narke ya yi baƙi. In motar daga Amurka ta zo, duba wayar cajin da ke but: ta volt 120 ce, kana soka ta a wutarmu za ta ƙone.

Idan za ka yi doguwar tafiya, Hajji ko wani kwas, bar ta a wajen kashi 50 a inuwa. Ka kuma kula da ƙaramin batirin volt 12 irin na kowace mota, domin shi ke tayar da kwamfutar da ke buɗe babban. In ya mutu, ko babban a cike yake motar ba za ta motsa ba. Ramuka da tudun rage gudu ma abin lura ne, tunda batirin a ƙasan mota yake. In ka ji ta bugu da ƙarfi, a ɗaga a duba. In ruwan ambaliya ya shanye ta, kada a kunna, kada a caja, a ja ta nesa da gida kamar mita 15, domin irin wannan batir yana iya kamawa bayan kwanaki, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar 2022. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a jikin motar, ta babbar wuta ce. Ka gaya wa bakanikenka tun kafin ya ɗauko sifana.