Zanen yaƙi na da: duk farfaganda ne?

Ɗan uwa ka tambaya ko zane-zanen yaƙi na da da ake bugawa a takarda duk yabon sarakuna ne da sojojinsu. Da yawa kam haka suke, sarki a kan doki, tuta na kaɗawa, ko ɗigon jini babu. Amma don Allah ka nemo na Francisco Goya, mai zanen nan ɗan Sifaniya.

Sojojin Napoleon, sarkin Faransa, sun mamaye ƙasarsu a 1808, shi kuma tsakanin 1810 da 1820 ya yi zane guda 82, kuma ba janar-janar ya zana ba, mata ne ake ja da ƙarfi, gawawwaki a bishiya an sassare musu hannuwa, ga yunwar da ta ci mutanen Madrid a 1811 zuwa 1812, kuma abin da ya fi taɓa ni bai ware 'yan ƙasarsa ba, su ma ya nuna su suna saran sojan Faransa da gatari. Wallahi wasu ba ka iya kallonsu sau biyu.

Aikin kuwa a farantin jan ƙarfe ake yi, a shafa masa kaki, a zana da allura, a tsoma a asid ya ci layukan, sai tawada da takarda a danna, faranti ɗaya ya ba da kwafi masu yawa. Goya bai fitar da su yana raye ba, sai 1863 aka buga, shekara 35 bayan rasuwarsa. Kafin shi ma akwai Jacques Callot da zanensa 18 na 1633, ka duba wanda aka rataye mutane jere a bishiya ɗaya.